Shekara Biyu Ina Ɗinka Riga Ɗaya

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ina jin zai bar mini labarin rigar da na yi shekara biyu ina ɗinkawa ban ko sa mata almakashi ba. Ni tela ne, a Kasuwar Jalingo shagona yake, kuma kamar kowane tela na sha zagi a kan saɓa alkawari. Amma wannan saɓawar da gangan na yi ta, ido buɗe.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da ƙanena. Dada muke ce mata, ni kuma Hamma ake ce mini a gida, wato yaya. Ni tun ina ƙarami aka kai ni koyon ɗinki, ban ga cikin aji ba sai da furfura ta fara fito mini, na shiga ajin yaƙi da jahilci. Shi kuwa boko ya yi, ya zama malami a wata kwaleji a nan garin, daga baya ya nemi digiri na uku, wanda ake cewa digirin digirgir, a wata jami'a da ke wata jiha. Ranar da zai fara ya ce wa Dada shekara uku ne, in abin ya ja huɗu. Lokacin da wannan labari ya fara yana cikin ta bakwai.

Ba lalaci ba ne, ni shaida ne. Bincikensa a kan ruɓewar doya ne bayan an haƙo ta, kuma babu ƙauyen da bai shiga ba, daga Kona har cikin duwatsun Zing, yana tattara lalatacciyar doya a buhu kamar wanda ya sami tabin hankali. Amma yau a ce malamai sun tafi yajin aiki, gobe a ce malamin da ke duba aikinsa ya tafi ƙasar waje. Aka haɗa shi da wani, shi kuma da ya buɗe takardun ya ce sam hanyar da aka bi tun farko ba ta yi masa ba, a sake. Sai ƙanena ya wuni a mota kan wannan hanya tamu mai ramuka, ya isa, ya zauna a benci ƙofar ofis har la'asar, sannan wani ya leƙo ya ce Farfesa yana taro, a dawo wani makon. In ya dawo gida Dada ta kan dube shi ta ce, “Kai ka gaji, ita doyar ba ta gaji ba?”

Akwai benci a ƙofar shagona da ake majalisa a kai, kuma karatun ƙanena ya zama musu abin taunawa. Maƙwabcina mai sayar da zare da maɓalli, dattijo ne mutumin Kona, ɗansa a Ingila ya yi nasa. Kullum sai ya tuna mana cewa shekara uku da 'yan watanni yaron ya yi ya dawo. Wani ma'aikacin sakateriya ya ce ai na Amurka ya fi tsawo, biyar ne ko shida, don su sai sun mayar da kai aji ka zauna kamar yaro kafin a bar ka ka fara binciken. Wani ya ce Malesiya da Indiya uku ne zuwa huɗu. Wani mai gyaran agogo, wanda ko Yola bai taɓa kwana ba, shi ya fi kowa sanin yadda ake yi a Jamus. In an gama zagaya duniya sai a juyo gare ni a ce, “To na nan gida fa, tela?” Kafin in buɗe baki wani zai amsa, “Na nan ba da shekara ake ƙirga shi ba, da furfura.” Su kwashe da dariya. Ni dai in ci gaba da taka kekena. Ni da na yi shekara uku kafin in iya karanta allon bakin titi ba tare da na tsaya cak ba, ban taɓa ganin shekarun ƙanena sun yi yawa ba.

A waje ke nan. A cikin shago kuma, matan da ke jiran ɗinkinsu ba su da hira sai ta 'yan matan nan masu tallar kaya a waya. Wance gwanjo take saye a nan bayanmu, ta wanke ta goge, ta ce daga Dubai aka aiko mata. Wance motar da take jingina da ita ta wani Alhaji ce da ya shiga banki. Wance kuwa ba ta cire takardar farashi daga jikin riga, cusa ta take yi ta baya, in ta gama hoto ta mayar wa mai kanti. Wance da wance ba sa ga maciji tun da ɗaya ta saci ɗaurin ɗankwalin ɗaya. Suna zaginsu, suna kuma miƙo mini waya suna cewa irin wannan ɗin za ka ɗinka mini.

Mu ma muna da tamu a dangi, 'yar Goggonmu, ƙanwar mahaifinmu. Yarinya ce da ba ta da mugunta, sai dai in ta shigo wuri waya ke fara shigowa kafin ita. Wata ranar kasuwa ta faɗo shagona da ƙawa a bayanta riƙe da fitilar nan mai zagaye, ƙamshin turare ya kori na man keke.

“Hamma, daga yau Dokta za ka riƙa ce mini.”

Na ɗago kai. Na ce, “Yaushe kika fara karatun?”

“Ba irin wannan ba ne, Hamma. Digirin girmamawa ne. Wata jami'a ce a Kwatano ta ba ni, saboda gudummawar da nake bai wa al'umma.”

“Wace gudummawar?”

“Mata nawa na koya wa ɗaurin ɗankwali? Ka san yawan mabiyana kuwa?”

Mako ɗaya ta yi a tafiyar, har da kwanakin hanya. Abin da ya kawo ta wurina shi ne, rigar digirin da aka sa mata a can karɓe ta aka yi da an gama hoto, don wasu na layi suna jira. Ga shi za a yi walima. Ta nuna mini hoton, amma ta ce ba ta son ta haka kamar buhu. Jan karammiski take so, a matse a ƙugu, a jera duwatsu a hannu, hular kuma tuntunta ya zama ruwan zinariya. Na ɗinka mata. Sana'ata ce, kuma ba zan ɓoye ba, rigar ta yi kyau.

An yi walimar a wani ɗakin taro, da anko da komai. Abokan sana'arta duk sun zo, waɗanda ake cewa ba sa ga maciji suka rungume juna gaban waya, da an sauke waya kowa ta juya ƙeya. Kowace tana tsaye a kusurwarta tana magana da tafin hannunta, ba mai kallon wani. Shinkafa ta huce a faranti don sai an gama ɗaukar hotonta. Sai aka zo karanta tarihin Dokta, aka ce da Turanci za a yi, aka duba dangi kaf ba mai Turancin ƙanena. Mai gabatarwa ya ɗaga murya ya ce, “Muna kiran Malam, ɗan'uwan Dokta, ya zo ya gaya mana wace ce Dokta!”

Ya tashi ya je. Ya karanta abin da aka rubuta masa tun daga farko har ƙarshe, muryarsa ba ta yi rawa ba. Ni na san shi, na ga yadda jijiyar wuyansa ta miƙe. Da ya gama Goggo ta karɓi abin magana ta ce, “Allah ya sa kai ma ka bi sahun ƙanwarka.” Jama'a suka ce amin da ƙarfi.

Dada tana zaune a sahun gaba. Lokacin idanunta sun fara rauni, don haka da yarinyar ta durƙusa gaishe ta sai ta kama rigar tana shafawa. Ta tambaya ina aka samo wannan, aka ce ai babban ɗanki ne ya ɗinka. Da aka tashi muka shiga keke napep za mu koma unguwarmu Barade. Ta juyo ta dafa gwiwata.

“Ashe kai kake yin Doktan?”

Na ce, “A'a, Dada, riga kawai na ɗinka.”

“To da me ta zama Doktan in ba da rigar ba? Ni ban taɓa ganinta da littafi ba. Shekara bakwai ƙanenka yana cin ƙurar hanya, keken ɗinki yana hannunka, ba ka ji tausayinsa ba? Sai 'yar wani ka sani?”

Na yi bayani iya iyawata. Na ce nasa daban ne, sai malamai sun karanta sun yarda. Ta ce ita yarinyar wa ya karanta nata? Mai keken ma sai da ya waiwayo ya ce, “Baba, Mama ta fi ka gaskiya.”

Maganar ta zaga dangi, ana ta dariya. Goggo ta same ni har shago ta ce, “Kai ma dai da taurin kai. Ka ɗinka masa mana, ya sa, a ɗauki hoto, a ce mata ya gama. Tsohuwa me ta sani? Ta samu farin cikinta kafin ta tafi.” Na ɗauka in ƙanena ya ji wannan zai yi faɗa. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da baƙin yadi a leda, ya ajiye mini a kan tebur.

“Hamma, gwada ni.”

Na dube shi. Idonsa ya faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce jiya ya dawo, sabon malamin ya sake mayar masa da babi biyu. Ya ce ya gaji, matarsa ta gaji, 'ya'yansa sun girma yana kan hanya. Zai sa rigar ya tsaya gaban Dada, ta sa masa albarka, ya cire ya rataye, daga nan kuma ba shi ba jami'ar nan har abada. Abin da ke mayar da shi can dama Dada ce, don kada ta ce ya kasa.

Na ce, “Malam, ƙarya za ka yi mata ke nan.”

Ya ce, “In ta rasu ba ta gani ba fa? Ka ji abin da aka ce a asibiti game da zuciyarta. Wanne ya fi?”

Na so in yi masa wa'azi, amma wa'azin me wanda bai gama ajin yaƙi da jahilci ba zai yi wa mai neman digiri na uku? Kuma na san in na ce a'a, teloli sun fi ƙudaje yawa a Jalingo, kafin magariba wani zai ɗinka masa har da guga. Sai na ciro tef daga wuyana, na gwada kafaɗa, na gwada hannu, na gwada tsawo. Na ninke yadin na sa a can ƙasan kabad. Na ce, “Dawo mako mai zuwa.”

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san ma'anar wannan magana a bakin tela. Kuma a gidanmu ƙane ba ya zuwa ya karɓe abu daga hannun yayansa ya kai wa bare, kunya ba za ta bar shi ba, balle in Dada ta ji. Tun da yadin ya shiga kabad ɗina, na riƙe shi ke nan.

Mako ya zagayo, na ce ba wuta. Na gaba na ce shafin da ya dace da yadin bai iso daga Anacha ba. Sai azumi ya kama, na nuna masa tulin kayan Sallah har rufi, na ce ka ga dai da idonka. Bayan Sallah na ce takardar da na rubuta awonsa ta ɓata. Na sake gwada shi. Da ya dawo na ce ya rame, awon ya canza, sai ya ɗan murmure. Ga ankon biki, ga kayan Babbar Sallah, ga na Kirsimeti. Duk ƙaryar da teloli suka gada kaka da kakanni sai da na yi masa ita, na ƙara da tawa.

Shi kuma tun da bai nuna wa Dada riga ba, bai isa ya daina tafiya ba. In wata ya yi nisa za ta kira shi ta ce yaushe za ka koma, ta ɗaure masa ƙuli da dakakken yaji. Sai ya ɗauki jakarsa yana huci ya nufi tasha. Abin da ban yi tsammani ba shi ne, laifin gaba ɗaya ya tashi daga kansa ya dawo kaina. Tun da ta ji ya kawo mini yadi, Dada ta daina tambayarsa doya. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce, “Yaron nan da tuni ya zama Dokta, wancan malalacin ne ya riƙe masa riga.” In na shiga da safe ba ta amsa gaisuwata sai ta ce, “Ka gama?” In ce saura kaɗan. Ta ce, “Haka ubanka yake da gyaran danga.” A majalisa ma aka samu sabon abin dariya. Mai gyaran agogo ya ce a Jamus da tuni an ɗaure ni.

Da damina ta biyu ciwon Dada ya tashi, aka kwantar da ita a asibiti. Kwana biyu ba ta gane kowa. Ranar nan ban iya taka keke ba. Na buɗe kabad na ciro yadin, na shimfiɗa a tebur, na zana da alli, na ɗauki almakashi. Na ce a raina, wane ne ni da zan hana tsohuwa farin cikinta saboda wata gaskiya da ni kaɗai ta dama? Sai aka kira ni a waya aka ce ta farfaɗo tana nemana. Na bar komai yadda yake na tafi.

Na tarar da 'yar Goggo ta riga ni, ita da ƙawarta mai riƙe fitila. Ta zo duba Dada, ta sha kwalliya kamar mai zuwa kamu. Ta durƙusa bakin gado, ta ɗauki hannun Dada mai ɗaure da robar ƙarin ruwa ta ɗora a kanta. Dada da ƙyar take fitar da magana, amma ta sa mata albarka, ta daɗe tana yi, har da hawaye. Da ta gama yarinyar ta miƙe ta karɓi wayar ta duba, ta ɓata fuska.

“Kai, hasken bai yi ba. Dada, don Allah sake sa mini albarkar, amma ki ɗan juyo nan.”

Dada kuwa, baiwar Allah, ta fara ƙoƙarin juyowa.

Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya sani, amma ranar sai da ma'aikaciyar jinya ta ce in rage murya. Na kore su har bakin ƙofa. Da na dawo na zauna kusa da gadon sai na ga abin da muke shirin yi ni da ƙanena bai bambanta da wannan ba. Za mu kawo riga, mu juyo da tsohuwa inda haske yake, mu karɓi albarkarta a kan abin da babu shi. Na koma shago na kakkaɓe allin, na ninke yadin na mayar ƙasan kabad.

Washegari ƙanena ya zo, ko sallama bai yi ba. Maƙwabcina ya riga ya gaya masa ya ga na shimfiɗa yadin na kuma naɗe.

“Hamma, ka daina raina mini hankali. Ba wuta ba ce, ba shafi ba ne. Ba ka da niyyar ɗinkawa.”

Na ce, “Ba ni da ita.”

“To ba ni yadina.”

“Ga kabad nan, buɗe ka ɗauka.”

Ya tsaya yana kallon kabad ɗin. Bai taɓa sa hannu a kayana ba tun muna yara, ranar ma hannunsa bai miƙu ba. Na ce, “Shekara takwas kana zama a benci kana jiran mutumin da bai san sunan uwarka ba. Ni ba za ka iya jira na ba? Ran da na ce zan bar ajinmu na yaƙi da jahilci don 'yan majalisa suna ce mini ɗan firamare, wa ya zo ya ɗauke ni a babur ya kai ni har ƙofar aji?”

Ya ce, “Wannan daban.”

“Da me ya bambanta?”

Can ya ce, a hankali, “In ta tafi ba ta gani ba, kai ne.”

Na ce, “Na ɗauka.”

Na faɗa da baki, amma Allah ya sani ban san ko zan iya ɗauka ba. Watannin da suka biyo baya, duk kiran da ya shigo wayata daga gida sai in zaci labarin rasuwarta ne. Ƙanena ya daina zama a shagona, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Goggo ta ce baƙin ciki nake yi masa don ni ban yi boko ba, kuma akwai waɗanda suka yarda. Dada ta samu sauƙi ta dawo gida, sai dai idanun sun tafi kusan gaba ɗaya. Ta ci gaba da tambayata ko na gama, na ci gaba da cewa saura kaɗan.

A shekara ta tara aka kira shi. Aka kawo wani malami daga wata jami'ar, suka zaunar da shi suka yi ta yi masa tambayoyi a kan doyarsa tun safe har azahar, suka ce ya ci. Bai kira ni ba, saƙo ya turo a waya, kalma biyu, na gama. Na karanta da kaina, na sake karantawa.

Abin dariyar shi ne, ashe masu digirin gaskiya ba a ɗinka musu riga. Haya ake ba su daga makaranta, a sa a mayar. Bayan bikin yaye su ya roƙa aka bar shi ya zo da ita gida na kwana ɗaya. Da ya ciro ta daga jaka na ji kunya a madadin duk telan da ya yi ta. Ta koɗe, tana warin ɗakin ajiya, lafin ƙasan ya warware, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wuyoyin mutane nawa suka goga ta, Allah kaɗai ya sani. Ya sa ta a tsakar gida, cikin zafin nan na kafin ruwa ya sauka, gumi yana zuba, ya shiga ɗakin Dada ya durƙusa. Ba waya, ba fitila. Ni da matarsa muna tsaye a bakin ƙofa.

Dada ta miƙo hannu ta lalubo kafaɗarsa, ta bi hannun rigar da yatsu, ta kama lafin da ya warware.

“Wa ya yi wannan ɗinkin banzan?”

Ya ce, “Ta makaranta ce, Dada.”

“Wannan kuka sa ni jira? Ta yarinyar nan ta fi ta laushi nesa ba kusa ba.” Ta juyo inda take jin numfashina. “Kai kuma, ka ga har wasu sun riga ka. Tela!”

Matarsa ta toshe baki da mayafi. Sai Dada ta kama fuskarsa da hannu biyu, murya ta sauka.

“Ka gama ke nan? Ba sauran komawa?”

Ya ce, “Na gama, Dada.”

Ya faɗa kansa a ɗage, bai haɗiyi yawu ba, bai waiwayo ya dube ni ba. Ta yi ta sa masa albarka har muryarta ta dushe, shi kuma yana kuka a cikin wannan tsohuwar riga kamar yaron da aka yaye. Ta ƙara damina ɗaya a duniya bayan wannan.

Walimarsa masa ce da kunun gyaɗa a ƙofar gida, mutanen da suka zo ba su cika tabarma uku ba. 'Yan majalisa suka zo suka ci, suka yi masa murna, sannan ma'aikacin sakateriya ya lissafa ya ce da a Ingila ne da sau uku ya yi. 'Yar Goggo ba ta samu zuwa ba. Lokacin ta ajiye Dokta, don abokan sana'arta duk sun je sun karɓo nasu abin ya zama gama-gari, ta koma Ambasada. Har yau ban san wace ƙasa take wakilta ba.

Abin da na koya ba wai gaskiya kullum tana biya ba ne, don na san da Dada ta tafi a asibitin nan da yanzu wani labarin nake rubutawa, kuma ban tabbata ƙanena zai yafe mini ba. Sa'a na taka, Allah ya rufa mini asiri. Abin da na koya shi ne, masu ƙirga wa mutum shekaru, a ce can uku ne, can shida, nan tara, yawancinsu ba su taɓa ɗaukar abu mai nauyi sun kai shi ƙarshe ba. Kuma in naka ya gaji ya zo yana neman ƙofar fita, ba lallai ne dogon wa'azi ya tsayar da shi ba. Wani lokaci abin da kawai za ka iya yi masa shi ne ka yarda a zage ka a madadinsa, ka riƙe shi mako ɗaya, in ya ƙare ka ƙara masa wani.